Idan Faifan Sabar Ubuntu Ya Cika

Wani ƙanina mai kula da sabar shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina, ya kira ni, wai komai ya tsaya cak. Faifai ne ya cika maƙil. Ga abin da na sa ya yi.

Shiga ta SSH, wato hanyar shiga saba daga wata kwamfuta, ka rubuta df -h, ka duba layin da ya kai 100%. Daga nan sai sudo du -xh --max-depth=1 /var | sort -h, don ka ga jakar da ta kumbura. Galibi /var/log ce.

In ita ce, rubuta sudo journalctl --vacuum-size=200M don rage tsofaffin bayanan aikin sabar, ka bi shi da sudo apt clean don share fayilolin da aka sauko da su wajen girka manhajoji.

Nan ne ake yawan tafka kuskure. Kada ka goge fayil da rm alhali wata manhaja na rubutu a cikinsa, domin wurin ba zai dawo ba. Gara ka kwashe cikinsa da truncate -s 0 haɗe da sunan fayil ɗin. In kuwa hannu ya riga ya yi gaggawa, sudo lsof +L1 zai nuna maka manhajar da ke riƙe da shi, sai ka sake tayar da ita da systemctl restart haɗe da sunanta.

Akwai wuri amma sabar ta ƙi ajiya? Gwada df -i, wataƙila tarin ƙananan fayiloli ne suka cinye inode, wato gurbin rajistar da kowane fayil ke ɗauka a faifai.