Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar giyar inabi ta Faransa

Mutane da yawa da aiki ya haɗa su da giyar inabi ta Faransa, musamman masu hidima a otal-otal da gidajen cin abinci, ko da su kansu ba sa sha, gabansu kan faɗi idan aka miƙa musu kwalba mai ɗauke da sunaye barkatai. Babban abin da ke rikita su shi ne neman sunan irin inabin a jikin takardar kwalbar, alhali kuwa Faransawa sun saba rubuta sunan wurin da aka noma shi. Tun a shekarar 1935 aka kafa tsarin AOC, wanda ya shata iyakar kowane yanki tare da ƙayyade irin inabin da aka yarda a shuka a cikinsa. Saboda haka duk wanda ya ga sunan yankin Chablis ya san inabin Chardonnay ne, farar Sancerre kuma Sauvignon Blanc ce, jar giyar Bourgogne kusan duka Pinot Noir ce, ta Bordeaux kuwa galibi gauraye ce ta Cabernet Sauvignon da Merlot. Maganin wannan ruɗani shi ne mutum ya haddace yankuna kaɗan tare da inabinsu kafin ya shiga sunayen gonaki, waɗanda ba su ƙidayuwa.

Kalmomin Grand Cru, waɗanda ake rubutawa a jikin kwalba don nuna babbar daraja, su ma suna yaudarar sabon shiga, domin ba abu ɗaya suke nufi a ko'ina ba. A Bourgogne daraja ce da aka bai wa filin gona, kuma irin waɗannan sunaye 33 ne kacal. A Bordeaux kuwa gidajen da ke yin giyar aka jera a shekarar 1855, bisa farashinsu a kasuwa, don baje kolin Paris na zamanin Napoleon na Uku, kuma sai a 1973 aka ɗaga gidan Mouton Rothschild zuwa sahun farko. A Saint-Émilion, wanda shi ma yana cikin yankin Bordeaux, gidaje masu yawa suna da izinin rubuta Grand Cru, don haka, a ganina, bai kamata a ɗora wa kalmomin nauyi ba sai an duba yankin.

Shekarar da ke jikin kwalba shekarar girbin inabin ce, kuma kuskure ne a ɗauka cewa duk wadda ta fi daɗewa ta fi kyau. Yawancin giyar an yi ta ne don a sha cikin 'yan shekaru. Beaujolais Nouveau ma, wato sabuwar giyar yankin Beaujolais, ana fito da ita ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, makonni kaɗan bayan girbi.

Akwai kuma masu kiran kowace giya mai kumfa Champagne. Sunan na yankin da ke gabas da Paris ne kaɗai, kuma wadda aka yi ta irin wannan hanya a Alsace ko Loire ana kiranta Crémant, farashinta kuma yawanci bai kai na Champagne ba.