Yadda ake neman ragowar hasken fashewar gamma da ƙaramin madubin hangen nesa

Abu na farko da nake gaya wa duk wanda ya zo mini da sha'awar wannan aiki shi ne, hasken gamma ɗin kansa, wato haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani wanda wasu fashe-fashe masu nisa a sararin samaniya ke fitarwa, ba zai taɓa shiga madubinka ba. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi tun daga can sama. Shi ya sa ma ba masana taurari ne suka fara ganinsa ba. Taurarin ɗan'adam na sojan Amurka ne, masu suna Vela, waɗanda aka harba don sa ido kan gwajin makaman nukiliya, suka yi kiciɓis da shi ranar 2 ga Yuli 1967, ba a kuma bayyana wa duniya ba sai a 1973. Har yau haka rabon aikin yake: na'urar da ke sama ita ke jin fashewar ta faɗi wajen da ta fito, mu da ke ƙasa mu juya madubi can mu nemi abin da ya rage.

Fashewar takan ɗauki daƙiƙa kaɗan, wani lokaci mintuna. Wadda ta wuce daƙiƙa 2 galibi mutuwar ƙaton tauraro ce da cikinsa ya rufta ya zama baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jansa. Wadda ba ta kai haka ba kuwa, yawanci karon taurarin niyutron biyu ne, wato ƙananan dunƙulallun ragowar taurarin da suka mutu. Abin da aka watso da gudu kusa da na haske yakan daki iskar gas da ke kewaye, ta yi zafi ta ba da haske na sa'o'i ko kwanaki, yana dusashewa kamar garwashin da aka janye wa itace. Wannan ragowar haske ita muke nema. Shekara 30 aka yi ana nemanta. Tauraron ɗan'adam mai suna Compton da aka harba a 1991 ya ƙirga fashewa 2,704 a warwatse ko'ina a sama, amma bai iya nuna gurbinsu daidai ba. Sai ranar 28 ga Fabrairu 1997 tauraron ɗan'adam BeppoSAX na Italiya da Holan ya ƙuntata wurin wata fashewa, ƙungiyar Jan van Paradijs ta juya madubin William Herschel mai faɗin mita 4.2 a tsibirin La Palma, ta ga ɗigon haske da ya dushe bayan 'yan kwanaki.

Kada mita 4.2 ta karya maka gwiwa. A Yulin 2003 Berto Monard, wanda ba ma'aikacin wata cibiyar nazarin taurari ba ne, ya gano ragowar fashewar da ake kira GRB 030725 daga kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu da madubi mai faɗin santimita 30. A Oktoban 2007 Arto Oksanen ya gano ta GRB 071010B daga Hankasalmi a Finland da mai santimita 40. Waɗannan mutane biyu su ne hujjata duk lokacin da aka ce wannan fage na manyan cibiyoyi ne kaɗai. Abin da suka yi shi ne dare ya same su a shirye.

Shirin da ake yi kafin saƙo ya zo

Ka fara yin rajista da GCN, hanyar sadarwar da cibiyar Goddard ta NASA ke gudanarwa, wadda Scott Barthelmy ya assasa a 1993. Kyauta ce. Saƙonninta iri biyu ne. Akwai sanarwar da na'ura ke turowa kai tsaye cikin daƙiƙu, ɗauke da lokaci da gurbi da girman da'irar da ake zaton abin yana ciki. Akwai kuma takardun da mutane ke rubutawa daga baya su faɗi abin da suka gani. Ka saita wayarka ta yi ƙara mai tashin mai barci don na farko, na biyun kuma ka mai da shi abin karantawa kullum, domin a nan za ka koyi yadda masu aikin ke magana. Sunan fashewa kwanan wata ne kawai: GRB 221009A tana nufin ta farko da aka sanar a ranar 9 ga Oktoba 2022.

Kayan aiki kuwa, madubi mai faɗin santimita 20 zuwa 40 ya wadatar, da kyamarar taurari mai sanyaya kanta, da mazaunin da kwamfuta ke juyawa zuwa gurbin da ka rubuta. Mazaunin ya fi madubin muhimmanci a nan. Idan sai ka yi rabin sa'a kana lalube kafin ka isa wurin, ka yi asarar lokaci mafi daraja. Ka tanadi hotunan gyara, na duhu da na bai-ɗaya, waɗanda ake cire aibin kyamara da madubi daga hoto da su, tun kafin ranar. Agogon kwamfutarka ya kasance yana daidaita kansa ta intanet ko ta GPS, kuma ka riƙa rubuta komai da lokacin UT, wato agogon duniya na bai-ɗaya. Mu a Najeriya da Nijar muna gaba da shi da sa'a ɗaya, kuma wannan sa'a ɗaya ta isa ta lalata rahoto gaba ɗaya idan ta shige ba a lura ba. Batir ma dole ne, wanda zai riƙe mazauni da kyamara da kwamfuta har asuba ko da an ɗauke wuta.

Ina aiki ne daga wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma wurin yana da alherinsa: abin da ke tsakanin digiri 72 arewa da digiri 48 kudu a taswirar sama yana hawa sama da digiri 30 daga doron ƙasa, wato muna ganin kusan dukan rabin arewa da babban ɓangare na kudu. Matsalarmu gizagizan damina ne da hazon hunturu. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sama takan yi tas, kuma a lokacin nake barin kayana a kafe.

Wane saƙo za ka bi

Ba kowane ba. Na'urar GBM ta tauraron Fermi, da aka harba a 2008, takan ji fashewa sama da 200 a shekara, amma da'irarta digiri da yawa ce. Faɗin wata rabin digiri ne, kyamararka kuma ƙila ba ta ganin abin da ya fi haka sosai. Wannan aikin madubai masu faffadan gani ne irin su ZTF a dutsen Palomar da GOTO da MASTER, ka bar musu har su ƙuntata wurin. Naka shi ne irin saƙon tauraron Swift, wanda aka harba ranar 20 ga Nuwamba 2004. Na'urarsa ta BAT takan ba da da'ira mai kimanin minti 3 na digiri (minti 60 ne a digiri ɗaya) daga tsakiya zuwa baki, wato faɗinta duka kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata ne, sannan tauraron ya juya kansa cikin minti ɗaya ko biyu, na'urar eksire ta XRT ta matse wurin zuwa daƙiƙun digiri kaɗan. SVOM na Sin da Faransa da Einstein Probe, dukansu na 2024, su ma suna turo gurabe masu amfani.

Da saƙo ya shigo, ka duba ko wurin yana sama da digiri 30 yanzu ko zai hau kafin asuba, ka duba kusancinsa da wata, sannan ka duba ko yana bayan ƙurar galaksinmu, wato tarin taurarin da ranarmu ke ciki. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa. GRB 221009A ta fi duk wadda aka taɓa aunawa ƙarfi, har ta girgiza saman iskar duniya yadda masu sauraron dogon zangon rediyo suka ga alamarta, amma ta fito ne ta ƙungiyar taurarin Sagitta, ta bayan ƙura mai kauri, sai haskenta na ido ya iso a raunane.

Lissafin da ya sa ake gaggawa

A ma'aunin hasken taurari, lamba tana ƙaruwa haske yana raguwa. Ido yana tsayawa wajen 6, kuma kowane mataki 5 ragi ne na ninki 100. Ragowar haske takan dushe kusan daidai da yadda lokaci ke ninkuwa: idan lokacin da ya wuce tun fashewar ya ninka sau 10, ta ragu da mataki 2.5 ko kusa da haka. Ɗauki misalin wadda take a 14 bayan minti 2. Bayan minti 20 tana 16.5. Bayan sa'a 3 da minti 20 tana 19. Washegari da dare ta wuce 21. Madubi mai santimita 30 a wuri mai duhu yana iya kai wa 19 ko 20 idan an tara hotunan sa'a guda. Ka ga ke nan rabonka yana cikin sa'o'in farko, bayan nan sai manyan madubai.

Akwai waɗanda suka fita daban. GRB 990123, wadda na'urar ɗaukar hoto mai sarrafa kanta ta ROTSE ta kama daƙiƙa 22 bayan fara fashewar, ta kai mataki 9 jim kaɗan bayan haka. GRB 080319B ta kai 5.3, wato ido zalla zai iya ganinta na kusan rabin minti, alhali haskenta ya yi tafiyar shekara biliyan 7.5. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Saboda haka kada ka tsaya karanta dukan saƙon. Rubuta gurbin, juya madubi, fara ɗauka. Ni nakan fara da gajerun hotuna na daƙiƙa 30 ba tare da matacin haske ba, wato gilashin da ke barin launi ɗaya kawai ya wuce, domin mai haske sosai kada ta cika hoton, sannan in koma daƙiƙa 60 zuwa 120 a jere ba tsayawa. Idan ta bayyana sarai, sai ka sa matacin ja, don masu bincike sun fi iya haɗa irin wannan awo da nasu. Tsakanin hoto da hoto ka ɗan gusar da madubin kaɗan. Amfanin wannan zai bayyana yanzu.

Tantancewa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne nake roƙon ka yi haƙuri. Gyara hotunan, ka tara su, ka tura wa shafin astrometry.net ko manhajar da ke irin aikinsa ta ɗora wa kowane ɗigo gurbinsa. Zana da'irar da tauraron ɗan'adam ya bayar a kan hotonka. Sai ka buɗe tsohon hoton wannan wuri daga kundin hotunan sama na Pan-STARRS, wanda ya rufe sama daga arewa har digiri 30 kudu, ko SkyMapper idan wurin ya fi haka kudu, ka jera su gefe da gefe. Kana neman ɗigon da yake a naka, babu shi a tsohon.

Za ka sami irin wannan ɗigo sau da yawa, kuma mafi yawansu ba ita ba ce. Lalataccen ɗigon kyamara yakan tsaya wuri ɗaya a jikin hoton yayin da taurari suka gusa, shi ya sa aka ce ka riƙa gusar da madubi. Ƙwayar da ta faɗo daga sararin samaniya ta daki kyamara takan fito a hoto ɗaya tak, da kaifin baki, ba ta da laushin gefe irin na tauraro. Dutsen da ke kewaya rana yakan matsa cikin sa'a guda, kuma shafin MPChecker na Minor Planet Center zai gaya maka ko akwai sananne a wurin. Tauraro mai sauya haske kuma ka neme shi a kundin VSX na ƙungiyar AAVSO. Idan ɗigonka ya tsallake waɗannan duka, raba hotunanka gida biyu ko uku bisa lokaci, ka tara kowane kashi daban, ka auna haskensa da taurarin da ke kusa waɗanda aka san ma'auninsu. Ragowar gaske tana nan a kowane kashi, ba ta motsi, kuma galibi tana raguwa. Idan XRT ta riga ta ba da ƙaramar da'irarta, ɗigon da ke wajenta ka yi masa kallon tuhuma komai kyansa.

Na dage a kan wannan ne saboda abin da rahotonka zai jawo. Wani a Chile ko Hawai zai iya katse aikin madubi mai mita 8 ya juya shi zuwa gurbin da ka bayar, don ya auna nisan abin kafin ya dushe. Lokacin irin wannan madubi mutane kan jira shi watanni.

Wani lokaci kuma ƙaramin madubi ne ke buɗe ƙofar. Ranar 17 ga Agusta 2017, Fermi ya ji gajeriyar fashewa daƙiƙa 1.7 bayan LIGO da Virgo, na'urorin da ke auna girgizar sararin samaniya, sun ji girgizar karon taurarin niyutron. Wurin da aka bayar yana da faɗi, sai masu madubin Swope mai mita 1 a Las Campanas suka bi kowane galaksi da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya maimakon share dukan filin. Kafin sa'a 11 ta cika sun ga sabon ɗigo a gefen galaksin NGC 4993. Idan saƙo ya nuna abin yana kusa, wannan dabara ita ce taka.

Rahoto

Takardun GCN da Turanci ake rubuta su, gajeru, kuma sabon mai rubutu yana buƙatar wani da ke ciki ya tsaya masa kafin a karɓi nasa. Ka nemi wannan tun yau, kada ka bari sai daren da kake da abin faɗa. A ciki ka faɗi madubin da ka yi amfani da shi da inda yake, matacin haske, lokacin da ka fara da UT da tazararsa daga fashewar, jimillar daƙiƙun ɗauka, gurbin ɗigon, ma'aunin haskensa tare da iyakar kuskure, da kundin taurarin da ka gwada da shi. Ka kuma faɗi ko ka cire tasirin ƙurar galaksinmu ko ba ka cire ba.

Yawancin dare ba za ka ga komai ba. Wani kaso mai yawa na fashewar ba a ganin ragowarsu da hasken ido ko da manyan madubai, saboda ƙurar da ke galaksin da suka fito ko tsananin nisa. A irin wannan dare ka auna tauraro mafi rauni da hotonka ya nuna da tabbaci, ka rubuta cewa a lokaci kaza babu sabon abu a cikin da'irar da ya kai wannan haske. Mai nazarin fashewar zai sa wannan iyaka a jadawalinsa, musamman idan ta faɗo a sa'ar da Turai ke cikin gizagizai, Amurka kuma rana ba ta faɗi ba. Ajiye ɗanyun hotunan yadda suke, da lokutansu, domin ana iya neman su bayan makonni idan babban madubi ya gano ainihin gurbin.