Babi na 6: Uwar Yaro Mai Ciwon Ciki

Darasi na 1: Littafin yaro

Gudawar da ta kai kwana 14 ba ta tsaya ba, kada a ce haƙori ne. A kai yaro asibiti. Ko a Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo ne, ko a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, likita zai tambaye ki: sau nawa ya zaga jiya? Uwar da ba ta runtsa ba, ina za ta tuna? Sai ta ce "da yawa", ta fito jiki a sanyaye tana zargin kanta. Ki bar wa littafi wannan aikin, kanki ya huta.

Ki sami littafin rubutu. Buɗe sabon shafi. A can sama, rubuta kwanan wata. Kwanan wata tukuna, Malama, kafin komai. Rana a farko, wata a bayanta: 5 ga Afrilu shi ne 5/4. Hannu na rawa? Ba komai, haka kowa ta fara. Sake rubutawa: 5/4.

Duk lokacin da ya zaga, ja layi ɗaya a tsaye. In kin ga jini, zagaye layin. Ki ja shi nan take, ba sai bayan Isha'i ba.

Gari ya waye, sabon shafi, sabon kwanan wata: 6/4. Nan kuke yawan tuntuɓe. Sai in ga shafi cike da layuka, samansa fayau. Haba iyayena! Likita ya san na Talata ne ko na Laraba? Kwanan wata tukuna.

Darasi na 2: Ruwan gishiri da sukari

Ƙunshi 1 na ORS, garin gishiri da sukari, a lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato leda 2 ta fiya wata. Kada ki raba ƙunshin don tattali. In haɗin ya yi awa 24, a zubar. A zafin bazarar Sakkwato ruwan jikin yaro ba ya daɗewa, ki dinga ba shi kaɗan-kaɗan. Maganin zinc kuma kwana 10 zuwa 14 ne, ko da gudawar ta tsaya.

Darasi na 3: Barcinki

Ku raba dare da maigida ko inna. Ki miƙa musu littafin, ki kwanta.

Aikin gida: shafi 7, kowanne da kwanan watansa.