Rumfar Kwale-kwale Mai Naɗewa: Inda Ake Yawan Tafka Kuskure

Wanda ya taɓa tsallaka kogin Neja a Yawuri cikin watan Afrilu, ko ya yini a kan tafkin Kainji, ba sai an gaya masa amfanin rumfa a jirgi ba. Rana na dukan mutum daga sama, ruwa kuma na maido masa da ita a fuska daga ƙasa. Shi ya sa mai ƙaramin jirgi, na fito ne ko na shaƙatawa, da ya samu 'yan kuɗi sai hankalinsa ya tafi kan rumfa mai naɗewa, irin wadda ake sayarwa da sunan Bimini: bakan ƙarfe biyu zuwa huɗu, ƙyalle a sama, gindi biyu da ke juyawa a gefen jirgi. Wasu na sayen haɗaɗɗiya, wasu na kai wa mai walda ya haɗa musu. Duka biyun suna aiki. Matsalar ita ce yawancin mutane inuwa kawai suke aunawa, ba sa tambayar ko jirgin zai iya ɗaukar abin da za a ɗora masa.

Kuskuren farko shi ne tsawo. Mai jirgi yana so ya miƙe tsaye a ƙarƙashin rumfa ba tare da ya sunkuya ba, sai ya ce a yi masa mai mita biyu. A babban jirgi ba laifi. A jirgin da faɗinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, wannan neman rigima ne. Abin da ke hana jirgi kifewa shi ne nauyinsa ya zauna ƙasa, kuma duk kilon da aka ɗaga sama yana rage wa jirgin ƙarfin komawa daidai bayan ya karkata. Lissafin mai sauƙi ne: nauyi sau tsawo. Rumfa mai kilo 10 da nauyinta ke mita ɗaya sama da ruwa ta ba da 10. Mai kilo 25 a mita ɗaya da rabi ta kusa 38, wato kusan ninki huɗu, alhali inuwar ɗaya ce. Gyaran shi ne a auna da wanda ke zaune. A zaunar da dogon mutum a kan benci, a bar tazarar tafin hannu ɗaya ko biyu tsakanin kansa da ƙyalle, shi ke nan. Kuma a lura, masu sayar da haɗaɗɗiya daga wurin da za a ɗaura gindin suke lissafa tsawo, ba daga ƙasan jirgi ba. Mutum sai ya sayi mai mita 1.2, ya manta gefen jirginsa ya riga ya tashi da rabin mita.

Daga nan sai ƙarfen da aka yi amfani da shi. Mai walda abin da ke gabansa yake ɗauka, kuma sau da yawa fayif ɗin ruwa ne mai kauri. Na inci uku bisa huɗu kowace mita tana da kusan kilo ɗaya da rabi, rumfa mai baka uku kuwa tana cin mita 15 ko kusa da haka. An tashi da sama da kilo 20 ke nan tun ba a sa ƙyalle ba. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, kuma siririn bututunsa mai faɗin milimita 22 ko 25, wanda da shi ake yin yawancin na kamfani, zai yi aikin da kilo biyar. In alminiyam ya gagara, a nemi bututun ƙarfe mara kauri irin na kujeru, a yi masa fenti mai hana tsatsa. Mai walda zai ce maka, "Alhaji, wannan ba zai yi ƙarko ba." Gaskiyarsa ta wani ɓangare. Amma rumfar da ta fi jirgin ƙarfi ba abin alfahari ba ce. In iska ta yi fushi, gara bututu ya lanƙwashe da a ce jirgin ne ya kwanta.

Iskar kuwa ita ce babbar magana, kuma ita aka fi rainawa. Mutum yana kallon ƙyalle a shimfiɗe sai ya ɗauka iska za ta bi ta sama da ƙasa ta wuce abinta. Haka ne muddin jirgin na zaune daidai. Da zarar igiyar ruwa ta ɗan karkata shi, cikin rumfar ya buɗe wa iska baki, ta shiga ta tura, jirgin ya ƙara karkata, bakin ya ƙara buɗewa. Wanda ya taɓa riƙe lema a bayan babur ya san yadda abin ke fizgar hannu. Kuma ƙarfin iska ba a hankali yake ƙaruwa ba. In gudunta ya ninka biyu, turinta ya ninka huɗu. Iska mai gudun kilomita 36 a awa tana tura kowace murabba'in mita da ta tare ta da nauyin kilo shida zuwa bakwai. In ta kai 72, wanda ba baƙon abu ba ne a gaban hadarin farkon damina, ya haura kilo 25. Gudun jirgi ma yana shiga lissafi: injin na tafiya da kai kilomita 30, iskar da kake fuskanta tana 30, to rumfarka 60 take sha.

A nan ne labulen gefe ke zama bala'i. Da la'asar rana na shigowa ta gefe, sai a rataya tamfol daga rumfa har bakin jirgi, ko kuma fasinja ta ɗaura zaninta don ta kare jariri. Ba wanda zai ga laifinta. Amma labule mai mita biyu a tsawo da mita ɗaya a tsaye bango ne, kuma a iskar da muka ambata ta biyu zai ɗauki turin da ya wuce kilo 50, a sama, ta gefe, daidai inda jirgi ya fi rauni. In dole sai an kare gefe, a yi da raga mai huda wadda iska ke ratsawa, a gefe ɗaya kawai, da ƙulli mai kwancewa da ja ɗaya. Baya kuwa kada a rufe shi sam in akwai inji, domin hayaƙi na juyowa ya taru a ƙarƙashin rumfa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kuma abin mamaki ba a cika yin sa ba. Kafin a ɗaura rumfa, a cika jarka biyu masu lita 25, a ajiye su a gefe ɗaya na jirgin, a sa alli a jikin jirgin daidai inda ruwa ya tsaya. A ɗaura rumfar, a buɗe ta, a maida jarkokin wurin da suke, a sake dubawa. In ruwan ya haura alamar sosai, jirgin ya faɗi ra'ayinsa. Sannan a danna gefen da hannu a sake shi. Jirgin da ke dawowa da hanzari yana da sauran ƙarfi. Wanda ya koma yana lilo a hankali, yana jinkiri a ƙarshen karkatar kafin ya dawo, shi ne abin tsoro, duk da cewa fasinja sun fi jin daɗinsa don ba ya girgiza su. Siririn kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya, wanda ko miƙewa aka yi a ciki sai ya yi tangal-tangal, a ganina ba shi da rabo a rumfa ko wace iri. Malafa ta ishe shi.

Wurin ɗaurawa ma ana yin sakaci da shi. Gindin rumfa yana zama ne a tsakiyar wurin da ake son inuwa, amma kafin a huda komai a kwantar da ita a naɗe a ga inda za ta sauka. Da yawa sai bayan an gama ake gane cewa in ta kwanta baya tana danne hannun inji ko igiyar tayar da shi, in ta kwanta gaba tana kan kawunan mutane. Rumfar da ba ta da wurin kwanciya ba za a taɓa naɗe ta ba. Sannan faɗi: a auna tsakanin wuraren ɗaurin biyu, a sayi daidai. Bakan da aka matse da ƙarfi ko aka baje don ya shiga, kullum yana jan gindinsa, wata rana zai fizge shi.

Su kansu gindayen, ƙananan sukurori huɗu da aka murɗa cikin jikin jirgin fayiba ba za su riƙe ba. Fayiba ba ta da kaurin da za ta kama zaren sukuru, girgizar inji kuma tana sassauta shi a hankali. A huda ya fita ta ɗaya gefen, a sa bol da noti, a sa faffaɗan washa ko ɗan farantin ƙarfe ta ciki, a toshe hudar da gam mai hana ruwa shiga. A jirgin katako a nemi haƙarƙarin jirgin, kada a dogara da allon gefe shi kaɗai, musamman in ya fara ruɓewa. Bol ɗin ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. In jirgin yana aiki a ruwan gishiri, irin na Legas, a sa ɗan washan roba tsakanin wannan ƙarfen da alminiyam, don haɗuwarsu a cikin gishiri tana cinye alminiyam ɗin.

Maɗauran da ke riƙe rumfa ta gaba da ta baya su ne ke ba ta tsayuwa, bakan kawai siffa suke ba ta. Robar tayar mota da ake yankawa ana ɗaurewa da ita tana miƙewa, rumfar ta riƙa rawa, rawar kuma ita ke gajiyar da ƙarfe har ya tsage a wurin huda. Bel mai ƙwari ake so, huɗu, kowanne a karkace, ba a tsaye ba, a ja su har ƙyallen ya yi tsam. In rumfar na kaɗawa hagu da dama, a gicciya biyun baya. Ƙyallen da ya saki yana da wata illar: yana tara ruwan sama. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwa mai zurfin santimita ɗaya kacal a kan murabba'in mita biyu kilo 20 ne, a can ƙololuwa, kuma ba a zaune yake ba, duk inda jirgin ya karkata can zai gangara ya ƙara masa.

Sai halin mutane, wanda ba mai walda da zai gyara. Da an ga ƙarfe a sama sai ya zama maratayi: jaka, buta, kajin da aka ɗaure, har a samu mai ɗora faifan sola a kai. Ya kuma zama abin kamawa. Mai shiga jirgi daga gaɓa zai miƙa hannu ya cafki bakan ya ja jikinsa, kilo 70 a gefe ɗaya, a sama. Aikin yaron jirgi ne ya riƙa faɗa ba gajiya: "Baba, kada ka kama ƙarfen, ga hannuna." "Hajiya, a sauke jakar ƙasa." Kuma in an sa rumfa mai kilo 20, a cire kilo 20 daga lodin da aka saba, har ma fiye.

Akwai abin da ba a son tunawa, amma dole a faɗe shi. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida tana matsa wa kowa ya sa rigar kariya mai hana nutsewa, kuma daidai ne. Sai dai in jirgi ya kife da rumfa a buɗe, wanda ke ƙarƙashinta zai iske ƙyalle da bel da ƙarfe tsakaninsa da fita, rigar kuma tana tura shi sama, ba ta barinsa ya nutsa ya kewaye. Wannan ba dalilin cire riga ba ne. Dalili ne na barin gefuna a buɗe, da guje wa igiyoyi masu yawa da ke reto, da ajiye wuƙa a inda matuƙi zai kai hannu, da kuma naɗe rumfa tun kafin abu ya ɓaci.

Maganar ƙyalle ba ta da yawa. Tamfol na roba yana da nauyi, yana kuma riƙe zafi. Ƙyallen akrilik irin Sunbrella ya fi jure rana amma da tsada. Zare yakan riga ƙyalle mutuwa, don haka a duba ɗinki. Kada a naɗe shi a jiƙe a bar shi kwana da kwanaki, zai yi fumfuna. Da hunturu ƙura na cika gindayen da ke juyawa, a wanke da ruwa kawai, man giris ƙurar yake tarawa.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne a sayi rumfa mai naɗewa a mayar da ita ta dindindin. Fil ɗin da ke riƙe bakan, wanda ake zarewa da hannu, ya ɓace, sai a sa waya a murɗe, ko a ce wa mai walda ya ɗan taɓa wurin. Bel ya tsinke, sai a yi ƙullin da sai da wuƙa. A yankinmu hadarin damina daga gabas yake tasowa, kuma iskarsa tana riga ruwansa isowa: sanyi ya bugo, ƙura ta tashi a gaɓa, fuskar ruwa ta yi duhu daga nesa. Tsakanin ganin wannan da isowarsa mintoci ne. Ya kamata mutum ɗaya ya iya kwance bel biyu na gaba ya kwantar da rumfar cikin ƙasa da minti guda, yana zaune ko a durƙushe, ba tare da fasinja sun miƙe ba. A gwada haka a gaɓa da yaron jirgi har hannunsa ya saba. A rage gudu tukuna, a juya hancin jirgi ya fuskanci iska, sannan a kwance. In ta kwanta a ɗaure ta da jikin jirgin, domin ƙyallen da aka bari a sake iska na iya buɗe shi da kanta. Haka ma in za a ja jirgin a bayan mota, a kwance a ɗaure take tafiya.