Yadda Ake Zaɓa Wa Kyanwa Mai Ciwon Ƙoda Abincin Da Ya Dace

Magenmu Gimbiya tana da shekara 12 muka fara lura kullum tana gindin randa tana lasar ruwan da ke tsatsafowa, fitsari kuma kamar an buɗe famfo, ga rama, in ka shafa bayanta sai ka ji ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin hannunka. Da yake watan Afrilu ne sai muka ce ai zafi ne, kowa ma ruwa yake sha. Sai da ta fara amai da sassafe, wani farin kumfa haka, sannan na ɗauke ta zuwa wajen likitan dabbobi, aka ɗebi jini da fitsari aka ce ƙoda ce, irin wadda ke lalacewa a hankali. Wannan ciwon ba ya warkewa, abin da ya mutu a ƙodar ya mutu, amma abinci yana rage masa gudu sosai, shi ya sa na zauna na rubuta yadda muka bi.

Mataki na farko, kar ka canza komai sai an yi gwaji. Yawan sha da yawan fitsari da rama ba ƙoda kaɗai ke kawo su ba, ciwon suga ma haka yake farawa, kuma abincinsu ba ɗaya ba ne. Likita zai duba wani abu a jini da ake ce wa kiriyatinin, wani lokacin da wani mai suna SDMA, ya kuma duba kaurin fitsari, sai ya faɗa maka matakin da ciwon ya kai. Akwai ƙungiyar masana ciwon ƙodar dabbobi mai suna IRIS, ita ta raba shi hawa huɗu: in kiriyatinin na ƙasa da 1.6 hawa na ɗaya ke nan, 1.6 zuwa 2.8 na biyu, 2.9 zuwa 5.0 na uku, sama da 5.0 kuma na huɗu, duk a ma'aunin mg/dl. Dan Allah ka roƙi a ba ka takardar sakamakon ka adana, ko ka ɗauki hotonta a waya, kuma ka tabbata an auna fosfaras ɗin jini, wato wani sinadari da ke shiga jiki ta abinci, don shi ne zancen gaba ɗaya. In garinku babu wajen gwajin, asibitocin koyarwa na likitan dabbobi da ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri wuraren tambaya ne.

Na biyu, ka gane waye abokin gaba. Yawancin mutane da sun ji ƙoda sai su ce a daina ba ta nama, to gaskiya babban abin da ake gudu shi ne fosfaras. Lafiyayyar ƙoda tana tace wanda ya yi yawa ta fitar ta fitsari, mai ciwo kuwa ba ta iyawa, sai ya taru a jini, shi kuma taruwar tasa tana ƙara cinye ƙodar, tana janye sinadarin ƙashi daga ƙasusuwa, ga tashin zuciya da kasala. Abin da IRIS ke so shi ne a hawa na biyu fosfaras ɗin jini ya zauna ƙasa da 4.6, a na uku ƙasa da 5, a na huɗu ƙasa da 6.

Toh ina fosfaras yake a gidajenmu? A ainihin abin da muke miƙa wa mage don ƙauna. Kan kifi da ƙayarsa, busasshen kifi, ƙashin kaza da take ƙurmusa, hanta, gwaiduwar ƙwai, madara da nono da kindirmo, sadin na gwangwani da ake ci da ƙayarsa. Ni da hannuna nake tara wa Gimbiya kawunan kifi duk ranar da aka yi farfesu, ranar da likita ya lissafo min su na ji ba daɗi wallahi. Sai kuma ragowar tuwo da miya, wannan gishiri da magi sun yi mata yawa alhali masu ciwon ƙoda hawan jini na yawan kama su, sannan albasa da tafarnuwa guba ne ga kyanwa ko lafiyarta ƙalau, suna fasa mata ƙwayoyin jini. Kenan tsire da kilishi da balangu mai yaji duk sun fita.

Na uku, in da hali ka nemi abincin da aka haɗa musamman don ciwon ƙoda. Sanannun su ne Hill's k/d da Royal Canin Renal da Purina NF, kowanne akwai busasshe akwai mai laushi na gwangwani ko na leda. An rage musu fosfaras da gishiri, an daidaita furotin, an ƙara fotasiyam da bitamin B waɗanda ke zurarewa ta yawan fitsari, an sa man kifi, kuma suna da maiƙo ta yadda ko kaɗan ta ci zai riƙe ta. Ba tallan kamfani nake ba, akwai bincike a kai. A wani da aka buga a Ingila a shekarar 2000 an bi maguna 50 masu wannan ciwon, waɗanda suka karɓi abincin ƙoda matsakaicin kwanakin da suka ƙara a duniya 633 ne, waɗanda suka ci gaba da abincinsu na da kuwa 264. Ka ga ya ninka har da ɗoriya. Yawanci daga hawa na biyu likitoci ke cewa a koma kansa, a hawa na ɗaya kuwa kar ka yi gaban kanka, ka bari likita ya ce.

Na sani, tsada. Daga waje ake shigo da su, farashin na bin dala, kuma yau akwai gobe babu. In ba ka samu ba sai ka koma kan abincin gwangwani na yau da kullum ka koyi karanta bayansa, kuma a nan ne ake ruɗuwa don lambar da ke jikin gwangwani har da ruwan ciki aka lissafa. Ga yadda ake yi: a ce an rubuta ruwa kashi 78, fosfaras 0.2. Ka cire 78 daga 100, saura 22. Ka raba 0.2 da 22 ka ninka da 100, zai ba ka kusan 0.9, wannan ita ce lambar gaskiya da za ka iya kwatantawa da ta busasshen abinci. Na masu ciwon ƙoda yawanci suna wajen 0.5, na yau da kullum kuwa da yawansu sun haura 1. Sai ka zaɓi mafi ƙanƙanta a cikin abin da ke gabanka. Wanda aka rubuta na 'ya'yan mage ne ka bar shi, don an cika shi da fosfaras saboda ginin ƙashi. Kuma ka duba ranar lalacewa, kaya masu tsada kan daɗe a kanta.

Na huɗu, kar ka yanke mata nama. Kyanwa ba kamar mu take ba, ba ma kamar kare ba, halittarta ta cin nama ce, akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe sai a nama take samu, in ta rasa shi zuciya da ido ke taɓuwa. In ka mayar da ita kan shinkafa da tuwo zalla wai don a hutar da ƙoda, jikinta zai koma cin naman kansa, cinyoyi su zube, ta ƙara ramewa. Abin da ake so furotin mai kyau daidai gwargwado, ba a cika ba ba a hana ba.

Na biyar, ruwa. Asalin kyanwa daga magen daji ta ƙasashe masu fari take, shi ya sa ba ta da yawan jin ƙishirwa, a jikin abin da ta farauto take samun ruwanta. Ga ƙoda mai ciwo kuma ba ta iya riƙe ruwa, zubarwa kawai take. Abinci mai laushi kusan kashi 75 zuwa 80 ruwa ne, busasshe kuwa wajen kashi 10, saboda haka in za ta ci mai laushin shi ya fi, ni har cokali biyu na ruwan ɗumi nake ƙarawa in dama shi ya yi kamar kunu. Ka ajiye kwanukan ruwa wuri uku ko huɗu a inuwa, masu faɗin baki, a canza safe da yamma, tawa dai ta fi son na randa mai sanyi a ƙaramin kasko. Kar ka taɓa rage mata ruwa don fitsari ya dame ka, balle a bazara da lokacin hunturu da iska ke busar da komai. Gwangwanin da aka buɗe kuma in babu wuta firij bai yi sanyi ba to ba ya kwana, gara ka sayi ƙanana, wanda ya yi awa ɗaya zuwa biyu a kwano cikin zafi a zubar.

Na shida shi ne wanda ya fi ba ni wahala, wato sa ta ta yarda ta ci. Rana ta farko na zuba mata sabon abincin cike da kwano, ta sunsuna ta ɗaga kai ta kalle ni ta yi tafiyarta ƙarƙashin gado. Ashe ba haka ake yi ba. Ana farawa ne da kaɗan, kamar rabin ƙaramin cokali a gefen wanda ta saba ko a wani faranti kusa da shi, bayan kwana uku ko huɗu a ƙara, a haka a haka har ya zama rabi da rabi, abin kan ɗauki sati huɗu har zuwa takwas, mu sati shida muka yi. Ka ɗan ɗumama shi ya yi ɗumin jiki don ƙamshin ya tashi, a ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana a faranti mai shimfiɗe. Kar ka fara a ranar da take amai ko ranar da ta dawo daga asibiti, don mage in ta haɗa wani abinci da tashin zuciya a ranta to ta tsane shi ke nan. Kuma kar ka ɗura mata sabon da ƙarfi.

Abin da nake so ka riƙe a nan, ba a yi wa kyanwa horon yunwa. Wai a bar ta in ta ji wuya za ta ci, a'a, mage in ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci ba kitse na iya taruwa a hantarta, ciwo ya zama biyu. In ta ƙi sabon sam-sam ka mayar mata da wanda take ci ka kira likita, akwai maganin tashin zuciya irin su Cerenia da na buɗe ciki mai suna mirtazapine da yake iya rubutawa. Amma kar ka ba ta maganin mutane da kanka, musamman farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Na bakwai, in girkin gida kaɗai za ka iya. Ana yi, amma da likita a zaune ya auna maka. Yawanci dafaffiyar tsokar kaza ce ko ta rago ba ƙashi ba gishiri ba magi, da farin ƙwai dafaffe wanda furotin ɗinsa mai kyau ne fosfaras kuma kaɗan, da 'yar shinkafa mai laushi da ɗan kitsen kazar. Wannan shi kaɗai bai cika ba, sai an ƙara sinadarin taurin ɗin nan da sinadarin ƙashi da bitamin. Akwai kuma garin magani da ake barbaɗawa a abinci ya kama fosfaras tun a hanji ya fita ta kashi, Ipakitine na cikinsu, dole a cikin abincin ake cakuɗa shi, in an ba da shi daban bai yi aiki ba, adadinsa kuma gwajin jini ne ke faɗa.

Na ƙarshe, awo. Duk sati na kan hau sikeli ni kaɗai, sannan in ɗauke ta mu hau tare in cire, in rubuta a wani ɗan littafi tare da abin da ta ci da ranakun da ta yi amai. Bayan wata ɗaya zuwa biyu da komawa sabon abinci a sake gwajin jini a ga ko fosfaras ya sauka, a duba fotasiyam da hawan jini, daga nan kuma duk bayan wata uku ko yadda likita ya tsara. In ka ga nauyi na sauka sati biyu a jere, ko wuyanta ya lanƙwashe kai ya sunkuya ƙasa, ko bakinta na wari irin na fitsari, ko ta fara karo da bango kamar ba ta gani, kar ka jira ranar da aka ba ka, ka ɗauki littafin da ledar abincin da take ci ku tafi a ranar.