Ruwa a gindin katanga, a lambu da cikin yaro: inda aka fi yin kuskure

Ambaliyar 2022 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa, musamman garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja. Amma ko a shekarar da kogi bai tumbatsa ba, ɗakuna na zubewa a watan Agusta, kuma idan aka duba da kyau, ruwan da ya kayar da su daga cikin gidan ya fito. Katangar ƙasa daga gindi take lalacewa. Indararo ya yi gajarta yana zuba a jikin bango, rariya ta toshe da leda da kashin awaki, ruwa ya kwana a tsakar gida. Ƙasa ta sha ta yi laushi, nauyin soro ya danne ta, shi ke nan.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. Indararo ya fito daga bango aƙalla kamu guda, a jera duwatsu ko fasassun bulo inda ruwan ke sauka don kada ya haƙa rami. A tara ƙasa a gindin katanga ciki da waje, a daɓe ta da gangara yadda ruwa zai guje wa bango. Rariya kuwa a buɗe ta tun kafin ruwan farko, a kuma leƙa ta bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Abin da ya fi damun mu shi ne maigidan da zai haƙi ƙasar yaɓe a bayan ɗakinsa don gudun wahalar ɗauko ta daga nesa. Ramin nan da ya bari zai cika da ruwa, ya jiƙa harsashi, sauro kuma ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Sai maganar shafa siminti a bangon ƙasa, wanda mutane da dama ke ɗauka ƙarshen gyara ne. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau. Ƙasa na kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe, shi kuwa siminti yana nan a sandare. Da ya ɗan tsage, ruwa zai shiga bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa narkewa a ɓoye alhali daga waje sumul yake. Ƙwanƙwasa shi da yatsa: idan ya yi amo kamar ƙwarya, ya riga ya rabu da bango, a kankare wurin. Wanda ya ce lallai sai siminti, ya fara kafa ragar waya da ƙusoshi a jikin bangon, ya haɗa awo ɗaya na siminti da shida na yashi. In ba haka ba, yaɓen ƙasa ya fi aminci. A kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, a bar kwaɓin ya yi kwanaki ana yayyafa masa ruwa ana takawa, a kankare tsohon yaɓen da ya saki, a jiƙa bango kafin a shafa. Kada a lafta da kauri lokaci guda. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri jurewa. Inda ake samun makuba a sa ta, ba banza kakanni suka riƙe ta ba. Kuma aikin bazara ne, Afrilu zuwa Mayu, ba sai hadari ya haɗo ba.

A daɓen siminti da bulo, kuskuren ta fuska biyu ne: a cika ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin aiki, sannan a hana shi ruwa bayan an gama. Kwaɓi mai ruwa-ruwa ba ya ƙarfi. Bayan aiki kuma siminti na bukatar ban ruwa safe da yamma har kwana 7, in ba haka ba ya riƙa zubar da gari. Rufin kwano: ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, domin kwarin hanyar ruwa ce.

A lambu, son shuka ne ke sa a kashe ta. Mai renon irin tumatir ko attaruhu yakan yi ta kwarara ruwa, sai ya wayi gari irin ya ruɓe daga gindi ya kwanta. Yawan laima da cunkoso ne suka jawo. A yafa iri a layi, kada ya yi yawa, a yi yayyafi da safe kawai gwargwadon yadda ƙasa za ta jiƙu. Fangali mai zurfi na rani ne. Da damina kan tudu ko kunya ake reno. Irin tumatir ya isa dashe a mako 4 zuwa 5, a dasa da yamma, a bar kamar santimita 45 tsakanin shuka da shuka, 60 tsakanin layi.

Akwai baƙin tabon nan da ke fitowa a ƙasan ɗan tumatir, ya bushe ya loɓa. Da yawa sukan ruga kasuwa sayen maganin feshi, alhali ba ƙwaro ba ne. Ban ruwa ne ba bisa tsari ba: a bar ƙasa ta ƙeƙashe kwana huɗu, ranar na biyar a cika ta taf, sai shukar ta kasa kai sinadarin kalsiyam ga 'ya'yanta. A tsayar da ranakun ban ruwa, a rufe gindi da busasshiyar ciyawa. Taki ma haka: kamfa ko yuriya, cikin murfin kwalbar lemo ya ishi gindi ɗaya a zubi guda, a binne shi faɗin yatsu huɗu daga jikin shuka a ƙasa mai laima. Yuriyar da aka watsa a sarari cikin rana, iska ce ke cin wani kasonta. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi, sai an tara shi ya ruɓe tukuna.

Tsutsar sharon da ta cinye gonakin tumatir a Kadawa da Kura, jihar Kano, a 2016 a cikin ganye take zama, saboda haka ninka magani ba ya kai mata yadda ake zato, sai dai ya sa ta saba da shi. A bi awon da ke jikin kwalba, a riƙa sauya nau'in magani, a tsinke ganyen da ya kamu a binne, a ƙone ragowar gona bayan girbi. Robar maganin feshi kuma, don Allah, kada ta koma ta ruwan sha ko ta mai, ko sau nawa aka wanke ta. A huda ta a binne.

Sai ruwan sha: masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya, kuma ya kasance a gangare da ita. Guga a rataye shi, kada ya kwana a ƙasa. Alam yana kwantar da laka ne kurum, ruwa ya yi garau amma ƙwayoyin cuta suna nan. Tafasawa ko maganin tsaftace ruwa ne ke kashe su. Randa a rufe, moɗa guda ta ɗiba, wata dabam ta sha.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne gudawar yara. "Haƙori ne, zai wuce," in ji kaka, sai a zauna. Wata uwar ma takan rage ba da nono da ruwa wai don cikin ya tsaya. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jikinsa, don haka ƙara masa ake yi. Kafso da ake saye a kemis ba ya mayar da ruwan da ya fita, yawancin gudawar yara ma ba ta bukatarsa.

Ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na asibiti ko kemis, a zuba shi duka cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu masu santilita 50. Raba ƙunshi biyu a kaɗa a kofi kuskure ne, gishirin zai yi yawa. Idan babu ƙunshi: lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, duk a shafe ba a tsiri ba. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, wanda ya wuce haka rabi zuwa kofi guda, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum ga wanda ya kai wata 6, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, har kwana 10 zuwa 14. Iyaye da yawa kan daina da zarar zawo ya tsaya a rana ta uku, alhali sauran kwanakin ne ke kare yaron daga dawowar ciwon a watannin gaba. Nono da abinci kada a yanke.

Idan idanun yaro sun faɗa, maɗiga ta loɓa, fatar ciki in an tsunkula ba ta komawa da sauri, ya kasa sha ko kama nono, ko aka ga jini a kashi, ko zawon ya zama fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, to ba a jiran maigida ya dawo daga gona. A nemi mai babur a tafi asibiti mafi kusa, a riƙe gorar ruwan gishiri da sukari ana ba shi a hanya muddin yana iya haɗiya.