Yadda ake tsara yawon ƙananan yara a Cape Coast

Iyalin da suka sauka Cape Coast, garin da ke bakin tekun Atlantika kimanin kilomita 150 yamma da Accra, tare da yara 'yan shekara uku zuwa bakwai, ya kamata su tsara yininsu bisa ƙarfin yaran, domin wuri ɗaya da safe, hutu da rana, sannan gajeriyar fita bayan la'asar sun ishi ƙaramin yaro.

A fara da bakin teku da sassafe, kafin yashi ya ɗauki zafi. A lokacin ne masunta kan jeru a kan igiya suna jan koma zuwa gaɓa suna waƙa, kuma yaro zai iya tsayawa yana kallo har a zube kifin ba tare da ya gundura ba. Sai dai kada a sa wannan fita ranar Talata, saboda bisa al'adar yankin masunta ba sa shiga teku a ranar.

Ruwan kansa shi ne abin da ya fi buƙatar hattara. Igiyar ruwa a wannan gaɓar tana da ƙarfi, kuma idan ta tashi komawa takan janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, ta yadda ko babba zai iya faɗuwa. Saboda haka kada ruwa ya wuce idon sawun yaro, hannunsa yana cikin na babba, kuma kada a juya wa teku baya da sunan ɗaukar hoto. A ware wa kowane yaro wani babban mutum guda mai lura da shi, domin idan aka ce kowa ya sa ido, yawanci babu mai sawa. Bokiti da ƙaramin shebur na roba sun isa su shagaltar da shi a kan busasshen yashi.

Da yamma ana iya zuwa Elmina, tafiyar kusan kilomita 12, a tsaya kan gadar da ke bakin tafkin Benya a kalli kwale-kwale masu fenti kala-kala suna shige da fice.

Gandun dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da gari, yana son safiya guda shi kaɗai. Gadarsa ta igiya mai sassa 7 ta kai tsawon mita 350, tana lilo a tsakanin kawunan bishiyoyi, kuma kafin a isa gare ta sai an hau tudu. A ganina ba ta dace da ɗan ƙasa da shekara shida ba, kuma yaron da ya nuna tsoro kada a matsa masa. Gara a tsaya da shi a otal ɗin Hans Cottage da ke kan hanyar, ya ga kadoji daga bayan shinge.

Ganuwar Cape Coast da ta Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, wuraren tarihin cinikin bayi ne. Kurkukunsu na ƙasa suna da duhu da zafi, don haka a bar ƙanana a farfajiya wajen igwogi tare da wani babba.

A riƙe ruwan sha, hula da kayan canji, a sayi kwakwa ɗanya a hanya, kifi kuwa a cire wa yaro ƙaya tukuna. Mayu da Yuni su ne watannin da aka fi sheƙa ruwan sama, saboda haka Disamba zuwa Fabrairu sun fi dacewa da tafiyar.